Kile ya ƙi karɓa, kwafi ya tsaya a hanya: yadda za ku ceci takardunku da hotunanku na cikin kwamfuta



Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana. A wannan jiha tamu kowa ya san ma'anar wannan magana. Tun harin 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, da na Bosso a watan Yunin 2016, dubban iyalai sun bar gidajensu da abin da hannu ya iya ɗauka kawai. A watan Oktoban 2019 kuma Komadugu ta yi ambaliya, ta ci gidaje da gonakin tattasai da na shinkafa. A irin wannan hali takarda ce ke fara salwanta: takardar haihuwa, takardar gona mai hatimin hukumar filaye ta COFO, sakamakon BEPC ko BAC, littafin bashin ƙungiyar manoma. Shi ya sa mutane da yawa suka koma ɗaukar hoton takardunsu suna zubawa a kwamfuta, wadda wasunmu ke kira ordinatar.

To amma ita ma kwamfutar ba dutse ba ce. Tana faɗuwa, ana sace ta, zafi da ƙura na kashe ta. Dole a yi kwafi a wani wuri dabam, kuma a nan ne ake yawan cin karo da matsala: mutum ya sa kile, ya fara kwafi, sai wani rubutu ya fito da Faransanci, aiki ya tsaya. Ga matsalolin da aka fi gani, da dalilinsu, da abin yi.

Da farko, a karanta saƙon

Yawancinmu da zarar saƙo ya fito sai mu yi sauri mu rufe shi. Alhali a cikin saƙon ne kwamfuta ke faɗin abin da ke damunta. Idan ba ka jin Faransanci ko Ingilishi, ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa komai. Da wannan hoton ɗanka da ke Jami'ar Diffa ko ƙaninka da ke Yamai zai iya gane matsalar ba tare da ya ga na'urar ba.

Sannan a riƙe wannan ƙa'ida: a kwafa, kar a yanke. A zaɓi « Copier », a bar « Couper ». Mai yankewa yana ɗauke fayil daga inda yake ya kai shi wani wuri, idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai dosiye ya rabu biyu, rabi can rabi nan, ba ka san me ya isa lafiya ba. Kuma abin da aka goge a cikin kile ba ya shiga kwandon shara na kwamfuta, tafiya yake yi kai tsaye.

Akwai wuri, amma an ce fayil ya yi girma

Wannan yana rikita mutane ƙwarai. Kile mai jiga 16 ne, babu komai a ciki, amma bidiyon biki ko na walimar saukar Alƙur'ani ya ƙi shiga. Kwamfuta ta rubuta cewa fayil ɗin « trop volumineux » ne.

Laifin ba na wuri ba ne, na tsarin kile ɗin ne. Yawancin ƙananan kile da katin memwar, daga jiga 32 zuwa ƙasa, suna zuwa da wani tsohon tsari mai suna FAT32. Wannan tsari ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai jiga 4, ko da kile ɗin fanko ne. Kamar buhu ne mai faɗin ciki da ƙaramin baki.

Maganinsa a sauya tsarin zuwa exFAT ko NTFS, ta hanyar « Formater ». Amma ku ji da kyau: formate yana share duk abin da ke cikin kile. Sai an kwashe kayan ciki zuwa kwamfuta tukuna. Wani abin lura, ƙananan rediyoyi masu cin kati da na cikin mota da yawa FAT32 kaɗai suke ganewa. Saboda haka kile ɗin da kake sauraron wa'azi ko waƙa da shi ka bar shi yadda yake, ka ware wani dabam don ajiya.

Idan kuwa saƙon ya ce « espace insuffisant », to wurin ne da gaske bai isa ba. Ka danna dosiye ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi « Propriétés », za ka ga nauyinsa. Kar ka yi mamaki idan kile mai jiga 64 ya nuna 58 ko 59, ko diski mai tera 1 ya nuna jiga 931. Wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ba cuta ba ce.

Kile na jabu

Cutar ta gaske ita ce wannan. Akwai kile da katin memwar da ake rubuta wa jiga 128 ko 256 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsu bai wuce jiga 4 ko 8 ba. An yi musu dabara ne su riƙa faɗin ƙarya. Kana zuba kaya suna karɓa ba musu, sunayen fayil duk suna nan a jere. Ranar da ka zo buɗewa sai hotuna su ƙi buɗuwa, takardu su zama shirme, domin abin da ya wuce ainihin cikin kile ɗin bai samu wurin zama ba.

Alamarsa ta farko farashi. Idan kile mai jiga 256 ya zo da kuɗin mai jiga 16, ka tuna araha ba ta ado. Hanyar tabbatarwa kuma ita ce gwaji tun yana sabo. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kile da bayanai sannan ta sake karantawa, ta faɗi iyakar abin da yake ɗauka da gaske. Ka nemi mai gyara ko mai sibar ya gwada maka kafin ka ba shi amanar takardunka. Ƴan uwa da ke aiko da irin waɗannan kaya daga waje, ku ma ku gwada kafin ku ba direba saƙo.

« Protégé en écriture »

Ma'anarsa an kulle, ba a iya rubuta komai a ciki. Idan babban kati ne, ko ƙaramin kati da aka sa cikin gidansa, ku duba gefen hagu, akwai wani ɗan makulli da ke zamewa sama da ƙasa. Sau da yawa shi ne ya zame wajen turawa. A mayar da shi sama, shi ke nan.

Idan kile ne marar makulli kuma ya ce haka a kwamfuta biyu ko uku, to alama ce ya tsufa. Wasu kile idan suka ji cikinsu ya fara lalacewa sukan kulle kansu, su bari a karanta amma ba a rubutawa. Kar a tsaya kokawa da shi. A kwashe abin da ke ciki tun yana buɗuwa, a nemi sabo.

Dosiye sun koma raccourci

Duk mai yawo da kile tsakanin sibar, ofis da wurin buga takardu ya san wannan. Ka sa kile, sai ka ga dosiyenka duk sun zama ƴan alamu masu kibiya a gindi, ko ma sun ɓace ɗungurungum, alhali « Propriétés » na nuna kile ɗin a cike yake.

Birus ne. Labari mai daɗi shi ne yawanci bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi, ya ajiye nasa tarkon a wurinsu. Kar a danna waɗannan alamu, domin dannawar ce ke shigar da shi cikin kwamfuta. Kar kuma a yi formate. A fara bincike kile ɗin da maganin birus da aka sabunta. Bayan haka wanda ya ɗan iya sai ya buɗe « Invite de commandes » ya rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E shi ne sunan da kwamfuta ta ba kile ɗin. Idan naka F ne ko G, sai ka sa shi a wurin. Dosiyen za su bayyana, wani lokaci a cikin wani dosiye marar suna. A kwashe su zuwa kwamfuta mai tsabta, sannan ne za a iya wanke kile ɗin.

Darasin a nan: kile na yawo dabam, kile na ajiya dabam. Wanda ke riƙe da takardun gida ba ya zuwa sibar.

Suna ya yi tsawo, ko yana da alamar da ba a yarda da ita ba

Ɗalibai da sakatarorin ƙungiyoyi sun fi faɗawa wannan. Dosiye cikin dosiye cikin dosiye, kowanne da dogon suna, kamar "Rahoton babban taron ƙungiyar manoman tattasai na ƙarshen shekara kwafi na biyu wanda aka gyara". Windows na ƙirga haruffan hanyar gaba ɗaya, tun daga sunan diski har sunan fayil, kuma a al'adarsa idan suka kai 260 sai ya ce « chemin d'accès trop long ». A gajarta sunayen, ko a jawo dosiyen da ke can ƙurya a fito da shi sarari sannan a kwafa.

Akwai kuma alamomi tara da Windows ba ya karɓa a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Shi ya sa kwanan wata irin 12/05/2024 ba ya shiga. A rubuta 2024-05-12. Wannan tsari na da wani amfani, fayilolin za su jeru da kansu bisa kwanan wata.

Fayil a buɗe yake, ko « Accès refusé »

Idan kwamfuta ta ce ba za ta iya ba domin fayil ɗin « ouvert » ne a wata manhaja, abu ne mai sauƙi. A rufe Word, Excel da abin kallon bidiyo, a sake gwadawa. In ya ƙi, a kashe kwamfutar a kunna.

« Accès refusé » kuwa yana nufin ba ka da izini. Yakan faru idan kwamfuta ta mutu aka ciro diskinta aka haɗa da wata, ko idan na'urar ta gwanjo ce mai ɗauke da sunan tsohon mai ita. Sai an shiga da asusun « administrateur » a karɓi ikon dosiyen. Wani kuskure da ke jawo wannan saƙo shi ne ƙoƙarin kwafe diskin C gaba ɗayansa. Ba a buƙatar haka. Kayanka suna cikin « Documents », « Images », « Vidéos », « Téléchargements » da kan « Bureau ». Waɗannan biyun na ƙarshe su ake yawan mantawa, alhali nan ne takardun da aka turo maka suke sauka.

Idan kuma shuɗin allo ya fito yana neman lambar BitLocker, to diskin a kulle yake da mabuɗi mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. In babu wannan lamba, babu mai gyaran da zai buɗe shi. Masu sababbin kwamfutoci su nemo lambar tun yau, su rubuta a takarda su adana.

Kwafi na yankewa a tsakiya

A nan sai a duba wuta da waya. Babban diski na waje daga jikin kwamfuta yake shan wutarsa. Idan wayarsa ta tsufa, ko an sa shi a ramin gaba na babbar kwamfuta, ko a abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, wutar ba ta isarsa, sai ya riƙa ɓacewa yana dawowa. A canza waya, a sa shi kai tsaye a ramin baya. Ƙurar hunturu ma na cika ramukan, a hure su a goge da busasshen abu.

Kar a fara babban kwafi da batir na kusa da mutuwa, ko da maraice lokacin da batirin sola ya fara sanyi. Mai babbar kwamfuta da ba ta da ondilar yana cikin haɗari duk lokacin da kuran ya ɗauke. A raba aikin dosiye-dosiye, a fara da mafi muhimmanci. Kar a rufe murfin kwamfuta ana cikin kwafi, domin barci take yi aikin ya tsaya. In an gama, a danna « Éjecter » a jira izini kafin a zare.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu Diffa na wuce digiri 40, alhali akwai diskin da masu ƙera shi suka rubuta kada a yi aiki da shi a wurin da ya wuce digiri 35. A yi kwafi da sassafe ko da dare, a inuwa, ba a kan katifa ba. Kile ma idan ya daɗe a ajiye cikin zafi, misali a aljihun mota, abin da ke ciki na iya lalacewa a hankali.

Saƙonni biyu masu haɗari

Na farko: « Vous devez formater le disque ». Kile ko diskin da kake amfani da shi jiya, yau ya ce sai an wanke shi. A danna « Annuler ». Sau da yawa kayan suna nan, teburin da ke nuna wurin kowane fayil ne ya rikice, galibi saboda an zare ba izini. A gwada a wata kwamfuta. In ya ƙi, akwai manhajojin ceto kamar Recuva, da PhotoRec wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira kuma kyauta ce. Sharaɗi biyu: kar a ƙara zuba komai a wannan kile, kuma abin da aka ceto a sauke shi a wani diski dabam.

Na biyu: « contrôle de redondance cyclique ». Wannan na nufin wani sashe na diskin ya ƙi karantuwa. Idan sauya waya bai gyara ba, diskin ya fara mutuwa. A kwashe mafi muhimmanci nan take, fayil ɗin da ya ƙi a danna « Ignorer » a wuce. Idan kuma diskin na yin ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a kashe shi. Kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Kar a buɗe cikinsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi.

Wanda ruwa ya ci fa? Katin memwar da kile sukan tsira idan aka wanke taɓon da ruwa mai tsabta aka bar su kwanaki suka bushe sarai kafin a sa su. Babban diski da ya sha ruwa kar a ba shi wuta, a kai wa masani.

Ajiya a intanet, da rawar ƴan uwa na nesa

Kile da kwamfuta idan ɗaki ɗaya suke kwana, ruwa ɗaya ko gobara ɗaya ke cinye su. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. A wurinmu wuri mai nisa shi ne intanet, ko hannun ɗan uwa amintacce a Damagaram ko Yamai.

Google na ba da jiga 15 kyauta, amma Gmail, Drive da Photos ne ke raba su, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta. Shi ya sa wurin ke cika ba ka sani ba, kwafi ya tsaya, har wasiƙu su daina shigowa. OneDrive jiga 5 ne. Tunda mega na da tsada kuma reso na wahala a ƙauyuka, a tura takardu kaɗai, ba su da nauyi. Bidiyo ya zauna a diski.

Abubuwa uku da ke cin mutane a nan. Na ɗaya, idan dosiyenka a haɗe yake da Drive ko OneDrive, abin da ka goge a kwamfuta can ma zai goge, kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara. Na biyu, tun Disamba 2023 Google na iya rufe asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Na uku, asusu a ɗaure yake da lambar waya. Idan layin ya ɓata ko ya mutu, kuma an manta kalmar sirri, shiga zai yi wuya. A rubuta kalmar sirri a adana, a ƙara lambar ɗan uwa ta biyu.

Masu tura takarda ta WhatsApp, ku tura ta a matsayin « Document ». Idan aka tura a matsayin hoto ana matse ta, hatimi da ƙananan rubutu su dushe. Ku kuma da ke karɓa a can, ku sauke ta daga waya zuwa kwamfuta, kar ku bar ta cikin hira. Wanda ya yi aiki a sibar ya goge takardunsa daga kan « Bureau » da « Téléchargements », ya zubar da kwandon shara, ya fita daga asusunsa kafin ya tashi. Katin ɗan ƙasa da jerin sunayen mutane ba abin bari a hannun kowa ba ne, balle a yanki irin namu.

Kafin a ce an gama

Kwafin da ba a buɗe ba, ba a san ko yana nan ba. Bayan an gama, a duba « Propriétés » na dosiyen asali da na kwafin, yawan fayilolin ya zo daidai. Sannan a buɗe guda biyar ko goma daga cikin kile ɗin, musamman na ƙarshe-ƙarshe, in da hali a wata kwamfuta. Idan fayil ya nuna kilo 1 ko 2 kuma yana da kibiya a gindi, raccourci ka kwafa, ainihin fayil ɗin yana can a baya. In komai ya yi daidai, a cire diskin a sa a leda mai rufewa, a ɗora a wuri mai tsayi. Diskin da ke maƙale da kwamfuta kullum, birus ɗin da ya kama ta zai kama shi.

A sa wa aikin rana, misali Juma'ar farko ta kowane wata, da kuma kafin ruwan Komadugu ya fara hawa. Hoton takarda ba ya maye gurbin ta asali a gaban hukuma, amma da lambarta da kwanan watanta da sunan ma'aikatar magajin garin da ta bayar, neman wata ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda ya ci karo da saƙon da ba mu ambata ba, ya ɗauki hotonsa ya turo mana ta lambar gidan rediyo, ko ya biyo ta ofishinmu. Za mu tattara tambayoyin mu kawo mai gyara ya amsa su kai tsaye a shirinmu, da Hausa da Barbarci. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa.